Ɗan madubin ƙara girma da na saya a Adum

A jikin kwalin an rubuta 1600X da manyan lambobi, wai duk abin da aka ɗora a ƙarƙashinsa zai ƙaru sau 1,600. Ba haka ba ne, kuma duk mai tef ɗin awo a gida zai iya tabbatarwa da kansa. Duk da haka yana nan a shagona a kasuwar Kejetia ta Kumasi, kusa da almakashi da littafin bashi, domin ga mai sana'ar yadi irina yana yin aikin da ya fi kuɗinsa.

Madubin ƙara girma ne mai kamara a ciki, irin wanda ake jonawa da waya ko kwamfuta. A ɗaya daga cikin shagunan masu kayan waya na unguwar Adum a nan Kumasi na same shi, kuɗinsa bai kai na turmin atamfa mai kyau ba. Babu sunan kamfanin da mutum zai riƙe, abu ɗaya ne ake zubawa a kwalaye daban-daban. Bai fi ƙaramar tocila girma ba. Akwai ƙananan fitilu 8 kewaye da bakinsa, da zobe a tsakiya da ake murzawa har hoto ya fito tar, da wani ɗan abin murzawa a jikin igiyar na rage haske ko ƙara shi. Ba ya da batir, daga wayar yake shan wuta.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, shi ne ya nuna mini yadda ake gane ƙarfinsa na gaskiya. Ya ce, "Mma, kawo tef ɗinki." Muka ɗora madubin a kan layukan milimita, ya murza zoben har ƙarshe. Milimita 2 ne suka cika allon kwamfutarsa, allon kuma faɗinsa santimita 30 ne, wato milimita 300. In ka raba 300 gida 2, ka sami 150. To, sau 150 ke nan iyakarsa a wannan allon, a waya ma bai kai haka ba tunda allonta ƙarami ne. A ɗaya gefen zoben kuma yana ba da kamar sau 40 zuwa 50, kuma a nan ne hoton ya fi kyau, a nan na fi yin aiki da shi.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ya biya kuɗinsa. Mu masu yadi da hannu da ido muke aiki. A shafa, a murza, a ɗaga zuwa haske, in shakka ta yi yawa a zare zare ɗaya a ƙona. Auduga tana ci da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Amma ba kowane dila ne zai yarda ki kunna ashana kusa da kayansa ba. Da wannan madubin, sai in ɗora shi a bakin yadin in duba waya. Zaren auduga yana fitowa da gashi-gashi, kowane sili a baje yake kuma a murɗe, ba ya ƙyalli sosai. Na roba sumul yake, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, yana walƙiya a ƙarƙashin fitilun. In an gauraya su ne aikin ke yin wuya: za ki ga akwai gauraye, amma madubin ba zai faɗa miki kashi nawa ne auduga ba.

A shadda na fi jin daɗinsa. Adon shadda a saƙe yake, ba bugawa aka yi ba, kuma a ƙarƙashin madubin za ki ga yadda zare ke tsallake 'yan'uwansa da yawa kafin ya nutse, nan ne furen ke fitowa. Mai tsada zarenta siriri ne, a matse, da ƙyar ake ganin rata. Mai arha kuwa tana iya ɗaukar ido a cikin leda, amma da an duba sai a ga ramuka tsakanin zaruruwa, an cike su da sitaci. Wanki ɗaya, sitacin ya tafi, riga ta kwanta. Ina ɗora tef a gefe in ƙirga zare nawa ne a cikin milimita 5, in gwada da wata shaddar. Wata Hajiya mai saye a wurina ta daɗe tana cewa kaya ɗaya ne, mu ne kawai ke ƙara kuɗi. Na ɗora mata guda biyu, mai tsada da farko sannan mai arha, ta gani da idonta a waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Hajiya, yanka mini ta farkon."

Haka kente, saƙar gargajiya ta Ghana. Na garin Bonwire da aka saƙa da hannu, kowane launi zarensa daban, ja yana hawa kan rawaya yana sauka, ana ganin inda masaƙi ya sauya zare. Wanda aka buga da inji kuma farin yadi ne aka zuba wa launi a kai, a bakin kowane zane launin ya ɗan zarce zuwa zaren maƙwabci. Batakari, rigar saƙi ta arewacin Ghana mai zaren hannu, shi ma yana da shaidarsa, zaren nan kauri nan siriri, yadda hannun mai kaɗi ya tafi da shi. A atamfa ina juya bayan yadin in ga ko rini ya ratsa zaren ko a sama kawai ya tsaya. Sai dai masu kwaikwayon zanen kamfanonin atamfa na GTP a Tema da ATL a Akosombo sun iya aikinsu, akwai jabun da rininsa ya ratsa gaba da baya. Madubin yana nuna ingancin zare da saƙa, ba ya rantsuwa a kan tambarin da ke bakin yadi.

Na ji daɗi ƙwarai da ɗan ƙanwar tawa ya gaya mini cewa mutumin da ya fara ganin ƙananan halittun da ido ba ya gani, ɗan sana'armu ne. Antonie van Leeuwenhoek mai shagon yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, a zamanin da masu yadi ke duba zare da gilashin ƙara girma. Ya riƙa yin gilasansa da hannunsa, a 1674 ya ga halittu na motsi a cikin ruwan tafki. Mafi ƙarfi a cikin madubansa da suka rage har yau yana kai kusan sau 270. Wato abin da mai yadi ya haɗa da hannu fiye da shekara 300 da suka wuce ya fi wannan nawa mai fitilu ƙarfi. Kafin shi kuma, a 1665, Robert Hooke na Ingila ya zana tsinin allura yadda ya gan shi a madubi, ya same shi a dakushe, da gargada. Na ɗora sabuwar allurar keke na ga haka ɗin. Na ɗora wadda ta daɗe tana aiki, sai ga bakinta ya lanƙwashe kaɗan, kuma irin wannan ce ke jan zare a leshi ta ɓata wa tela aiki alhali idonsa na ce masa allura lafiya lau.

A gida yara ne suka karɓe shi. Gishirin leda yana fitowa da kusurwoyi daidai wa daida kamar dunƙulen magi, na garin Ada da ke bakin teku kuma manya ne masu karyayyun gefe, da ɗan datti a maƙale. Sukari dogo ne, gefensa a karkace, haske na ratsa shi. Farin allon waya ashe babu fari a cikinsa ko kaɗan, ɗige-ɗige ne ja da kore da shuɗi a jere. Hoton kalanda ɗigo ne na launi huɗu. Autata ta ɗora yatsarta, muka ga zufa na tsattsafowa daga 'yan ramuka a kan layukan fata, ta yi ta kiran yayyenta su zo su gani. Takardar sidi kuwa, fuskokin manyan nan shida na gwagwarmayar 'yancin Ghana da ke jikinta da siraran layuka aka zana su, kowane layi a tsaye da kansa, tawadar ta ɗan taso. Jabun da aka fitar da injin buga takardu na ofis kuwa ɗige-ɗige yake fitowa a warwatse. Wannan zai taimaki mai karɓar manyan takardu irin na sidi 100 da 200 da aka fito da su a 2019, amma bai hana a ɗaga takarda zuwa haske a duba sauran alamomi ba.

Maƙwabciyarmu mai dafa waakye, wato shinkafa da wake, ta kawo waken da ta sayo buhu guda. Da ido lafiyayye ne, babu huji. A madubi sai ga 'yan fararen ƙwai a manne a bayan wasu ƙwayoyin. Ƙwaron wake a kan ɓawo yake yin ƙwai, tsutsar ta huda ta shiga ciki ta ci, sai ta girma sannan hujin ya bayyana. Ta shanya shi a rana mai zafi, ta fara dafa wannan buhun kafin wanda ta riga ta ajiye.

Aibinsa na farko ƙafarsa ce. 'Yar roba ce marar nauyi, da kin taɓa zoben sai hoton ya gudu, in mai kaya ya wuce ya bugi tebur sai an sake nema daga farko. Na ɗaure ta da roba a jikin katako, ta ɗan zauna. Na biyu fitilun. A kan abu mai sheƙi, sabuwar shadda ko ɗan kunne, hasken yana dawowa ya wanke hoton fari fat. Maganinsa a kashe fitilunsa a haska da tocilar wata waya daga gefe. Da haka na karanta lambar 875 a jikin wata sarƙa, alamar zinariya mai karat 21, na kuma ga inda ruwan gwal ya saɓule a jikin wani awarwaro, jan ƙarfe ya leƙo. Amma lamba kowa na iya bugawa, gwajin zinariya na maƙera ne. Na uku manhajar. Faifai suka sa a kwalin, ga shi yawancin kwamfutocin yanzu ba su da wurin sa faifai, manhajar wayar kuma cike take da talla. Da wayar Android yana aiki in akwai ɗan mahaɗin nan na OTG, a wata iPhone da muka gwada bai tashi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar mai shagon, da ya ce mini, "Hajiya, har ƙwayar cuta za ki gani a ruwa." Wannan magana tana da haɗari, kuma na san ba ni kaɗai aka gaya wa ba. Silin gashin mutum kaurinsa wajen milimita 0.07 ne, madubin yana nuna shi sosai. Jan ƙwayar jini ta fi shi ƙanƙanta sau goma. Ƙwayoyin da ke kawo taifot da kwalara sun fi wannan ma ƙanƙanta, milimita 0.002 ko kusa da haka, kuma ba su da launi. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jan ƙwayar jini take zama. Kafin a gan ta a asibiti sai an shafa jini a gilashi, an rina shi, an ɗiga mai, an duba da madubin likita mai ƙara girma sau 1,000 wanda haskensa ke fitowa daga ƙasa, kuma mai dubawar ya koyi aikin. Wannan na Adum ba ya yin ko ɗaya daga ciki. In uwa ta ɗiga ruwan rijiya a ƙarƙashinsa ta ga garau, ta ba jariri ba tare da tafasawa ba, kayan wasa ya yaudare ta a kan ran ɗanta. Yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi a gwada jininsa.

Ga tela, mai yadi, mai gyaran waya, mai sayen hatsi, ko malamin makaranta da ke son yara su ga gishiri da fiffiken ƙuda da idonsu, ina ganin ya cancanci saye. Wanda zai je, ya tafi da wayarsa da tef ɗin awo da ɗan ƙyalle, a jona a gabansa kafin ya biya. Ya duba ko duk fitilun na kamawa, ko zoben na juyawa ba tare da cijewa ba, ya ɗora shi a kan farar takarda ya ga ko akwai baƙin tabon da ba ya motsi, domin wannan ƙura ce a cikin kamarar kuma ba ta gogewa. In akwai mai ƙafar ƙarfe da ake ɗagawa a sauke da ƙusa mai murɗawa, ya ƙara kuɗi ya ɗauki wannan.