Tallar gida a Maraɗi: fada, bango, waya ko rediyo?

Idan mai gida ya miƙa maka makulli ya ce a nemo masa mai saye, kafin ka kashe ko dala ka tambayi kanka: wane irin mutum ne zai iya sayen wannan gida, kuma a ina yake zama da yamma? Gidan ƙasa mai zaure a Bagalam ko Mokoyo, da gidan bulo mai tayil da garejin mota a Ali Ɗan Sofo, da kangon fili a bakin gari wajen unguwar Zariya, kowanne da mai sayensa, kuma waɗannan mutane uku ba a wuri ɗaya suke jin labari ba. Yawancin asarar da na ga dillalai suna yi daga nan take farawa. Sai mutum ya saba da hanya guda, ya riƙa bi da kowane gida ta cikinta.

Mu fara da tsohuwar hanya, wato baki da baki. Ka faɗa wa mai unguwa, ka faɗa a fada wurin shan shayi, ka raɗa wa wani Alhaji bayan sallar la'asar, ka leƙa babbar kasuwa ran Litinin ko Juma'a ka gaisa da ƴan kasuwar da ka san sun yi ciniki. Ba ta cin kuɗi sai man babur da ɗan goro. A tsofaffin unguwanni har yanzu babu hanyar da ta kama ƙafarta, domin mai sayen gida a can sau da yawa maƙwabci ne da ke son faɗaɗa nasa, ko ɗan unguwar da ya yi arziki yana son zama kusa da mahaifiyarsa. Irin wannan ba ya buƙatar hoto, ya san gidan tun yana yaro. Kuma akwai masu gidan da ba sa son duniya ta ji suna sayarwa, ko don bashi ya taso, ko don rabon gado ne. A wurinsu sirri ya fi sauri daraja.

Aibinta kuwa sananne ne. Magana idan ta bi baki biyar sai ta yi ƙiba. Mai gida ya ce miliyan goma sha biyu, na biyu ya ɗora tasa, na uku ya ɗora, kafin ta isa kunnen mai saye ta zama sha biyar, shi kuma ya ce Allah ya ba da kasuwa ya yi gaba. Na taɓa kai wani ɗan kasuwa ganin gida, muna tsaye a tsakar gida sai ga wasu dillalai biyu sun shigo da nasu mutumin, kowa ya faɗi kuɗi daban a gaban kowa. Mutumina ya dube ni, ya gyara hularsa, ya ce, "Malam, in kun daidaita tsakaninku sai ka neme ni." Bai sake ɗaga wayata ba. Tun daga ranar, kafin in fara talla sai mun zauna da mai gida a gaban shaidu, a faɗi kuɗi ɗaya, a faɗi la'ada, a faɗi wanda aka ba dillancin.

Rubutu a bango, gidan sayarwa ne da lambar waya a ƙasa, shi ne mafi araha bayan baki. Gwangwanin fenti ɗaya ya isa. Yana aiki a bakin kwalta da layin da ƴan kabu-kabu ke yawan bi, amma a lungu ba mai gani sai yara. In gidan da ƴan haya a ciki, ka yi tunani sau biyu, don ba wanda ke jin daɗin wayar gari ya ga an rubuta a jikin ɗakinsa cewa zai tashi. Rubutun kuma in ya shekara rana ta cinye shi, kowa zai ce gidan na da matsala.

Inda ya kamata a daɗe ana magana shi ne waya, don nan kasuwar ta koma. WhatsApp na fi amincewa da shi. Abin da ka ɗora a status ɗinka yana ɓacewa bayan awa 24, kuma waɗanda ke da lambarka, kai ma kana da tasu, su kaɗai ke gani, saboda haka ƙarfinsa gwargwadon mutanen da ka tara ne. Dillalin da ya shekara goma yana ajiye lambobin ƴan kasuwa, ma'aikata da malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wayarsa ta fi shago. Saƙon murya da Hausa ya fi rubutu tasiri nesa ba kusa ba, tunda da yawa daga masu kuɗin garin nan ba su yi lakkwal ba, rubutun Faransanci kuma sai an nemo yaro ya karanta musu.

Facebook da TikTok su ne ke kai gida inda ƙafarka ba ta zuwa: ma'aikacin da ke Yamai yana shirin ritaya, ɗan Maraɗin da ke neman kuɗi a Abidjan, Kwatano ko Saudiyya yana son ya mallaki abin kansa a gida. Gidan bulo mai tsada can ya dace da shi. Sai dai ka shirya wa kiran banza. Cikin masu bugowa akwai mai son jin kuɗi kawai, akwai dillalin da zai kwashe hotunanka ya sa lambarsa. Dalilin ke nan nake so a ga fuskata da muryata cikin bidiyon, a kuma bar ainihin ƙofar gidan da layin sai an zo. Tallar da ake biya a Facebook tana ba ka damar zaɓen garin da za a nuna ta, amma sai da katin banki, kuma ban ga amfaninta ga ƙaramin gida ba.

Bidiyon kansa fa? Ka sa a share tsakar gida, a kwashe shanya da bokitai, ka ɗauka da hantsi kafin rana ta take. Ka shiga ta ƙofa kamar baƙo, a hankali, ka nuna falo, ɗakuna, madafa, makewayi. Ka murɗa famfo a ga ruwa na zuba, ka nuna mitar wuta ta NIGELEC a bango, ka ɗaga waya a ga rufi, kwano ne ko kankare. Sannan ka fito ka nuna titi. Wannan na ƙarshe mutane ke ɓoyewa, alhali shi mai saye ya fi so ya gani. Garin nan ya san ruwa: ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta sa aka taso daga kwari aka hau tudu, kuma daminar 2024 ta rusa gidaje masu yawa a cikin gari. Yanzu duk mai hankali sai ya tambayi yadda ruwa ke bi a layin. In ka faɗi gaskiya tun a bidiyo, wanda ya zo ya zo da niyya. In ka ɓoye, maƙwabta za su faɗa masa yana fitowa.

Rediyo, irin su Anfani da Saraounia, yana da nasa wuri. Sanarwa ana biyanta ne gwargwadon sau nawa aka karanta, don haka ga gida ɗaya kuɗin kan yi yawa. Amma in filaye ne da yawa aka yanka, ko kana son sunanka ya zauna a kunnen mutanen Tibiri, Madarunfa da Gidan Rumji masu son saye a birni bayan kaka, to ya biya kuɗinsa. Takardun talla da ake rabawa a hanya kuwa, mai ƙosai ce ke cin ribarsu.

Akwai abin da ke yi wa duk waɗannan hanyoyi jagora, shi ne takarda. Mai saye na gaske tambayarsa ta biyu bayan kuɗi ita ce, wace takarda gare shi? Takardar sayar da fili ta ma'aikatar magajin gari daban, cikakkiyar takardar mallaka da ake yi wa rajista a ofishin filaye na gwamnati daban, ita ce kuma banki ya fi yarda da ita in za a ci bashi. Shaidar gado ko ta mai gari a gonakin bakin birni ita ma wani mataki ne daban. Ka gani da idonka, ka duba sunan da ke ciki ko shi ne na mai sayarwa, ka faɗi irinta a cikin tallar. Gidan gado kuwa kada ka ɗora ko hoto ɗaya sai duk magada sun yarda, har da matan da ke aure a wani gari. Babban ciniki a ƙarasa shi gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, ko da mai saye ya yi ƙorafin kuɗin.

Lokaci ma yana da hannu. Bayan an shigo da gero da wake kuɗi na yawo a gari, tayi na yawa. Gab da azumi da aikin Hajji masu sayarwa ke yawa, masu saye su ja baya su jira a sassauta. Masu zuwa daga Katsina da Kano ta Ɗan Isa sun ragu tun da naira ta faɗi a gaban sefa a 2023 da 2024, saboda haka kada ka gina lissafinka a kansu, duk da maganar layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikin gina shi a 2021 ta sa wasu masu filaye sun ɗaga kai.

Da ni ne aka ba gidan cikin tsohon gari yau, sati biyu zan yi ina bin maƙwabta da mai unguwa kafin in taɓa waya. Na sabuwar unguwa kuwa, bidiyo zan ɗauka ran farko, in tura wa mutum ashirin da na san suna da hali, kowa da sunansa da gaisuwarsa, in ba su kwana uku. Sai idan babu wanda ya taya sannan in kai shi Facebook.