Gargaɗi ga kanikawa da masu lambu na Maradi kan robar toshe yoyo ta jabu

Assalamu alaikum. Wannan gargaɗi ne zuwa ga ƴan uwana kanikawa masu gyaran injin ban ruwa, da kuma masu lambu na bakin Gulbin Maradi, tun daga Madarumfa da Jiratawa har zuwa Tibiri. Akwai wani mutum da yake zagayawa da kwalaye a bayan babur yana sayar da kayan injin da ba su ne abin da yake faɗa ba, kuma ina cikin waɗanda ya cuta, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Kaya iri biyu yake kawowa. Akwai marfin da ke cikin bakin tiyon da ake zurawa a rijiya, wanda yake hana ruwa komawa ƙasa idan an kashe inji, akwai kuma ƴar siririyar robar nan mai faifan filastik a tsakiya, wadda take cikin na'urar daidaita gas a injinan da aka mayar daga man fetur zuwa tukunyar gas. Dukansu roba ce mai laushi da aka haɗa da filastik mai tauri, kuma amfaninsu gaba ɗaya yana wurin wannan haɗin. Yana cewa kayan Jamus ne, robar kuma Viton ce, wato wata irin roba mai tsada da ke jure mai da zafi, sannan ya kawo zancen rufe iyakar Benin tun 2023 domin ya nuna cewa kayan sun yi wuya, wanda bai ba da kuɗi yau ba gobe ba zai samu ba. Da farko yakan ba mutum guda biyu ko uku na gaske ya gwada, idan hankali ya kwanta sai ya nemi a aika masa rabin kuɗin kwali ta wurin masu aika kuɗi, kwalin kuma ya iso a hannun yaron mota. Nawa kwalin ya zo da guda 50, kuma a cikin goman farko da na ɗaura wa mutane, bakwai sun dawo mini kafin mako uku, robar ta rabu da filastik kamar ɓawon ayaba. Lambar wayarsa ta daina shiga tun daga ranar da na yi masa magana.

Abin da yake sauƙaƙa masa wannan cuta shi ne mu a bakinmu komi roba ne: bokiti roba, tayar mota roba, tiyo roba. A wajen masu ƙera waɗannan kaya kuwa kowace da aikinta. Robar nitiril tana jure mai da fetur, tana kuma aiki har zuwa zafin digiri 100 ko sama da haka kaɗan. Wadda ake kira EPDM ta dace da ruwa, amma idan mai ya taɓa ta sai ta kumbura. Viton kuwa tana jure mai da gas da zafin da ya kai digiri 200, saboda haka take da tsada, saboda haka kuma macuta suke son ambaton sunanta. Launi ba shaida ba ne cewa roba Viton ce, domin ana iya rina kowace roba ta zama ruwan ƙasa ko kore.

Haɗa roba da filastik a masana'anta ba liƙi ba ne irin wanda muka sani. Ana wanke filastik ɗin a kawar da maiƙo, a ɗan karce fuskarsa ko a gasa ta da harshen wuta, a shafa masa wani sinadari na musamman a bar shi ya bushe, sannan a sa shi cikin zubi tare da ɗanyar roba a matse su da ƙarfi a zafin digiri 150 zuwa 180. A cikin wannan zafin ne robar take nuna, kuma a daidai lokacin take kama filastik ɗin har su zama kamar abu guda. Ba kowane filastik ne zai jure wannan ba. Nailan da aka ƙarfafa da zaren gilashi ba ya narkewa sai wajen digiri 260, shi ya sa ake zaɓensa, amma irin filastik ɗin kujeru da bokitai yana narkewa a wajen digiri 165, kuma fuskarsa santsi ce da gam ba ya kama ta da kyau. Da na fasa ɗaya daga cikin kayan mutumin nan, irin wannan filastik ɗin na tarar, an yanko roba mai kama da ta tib ɗin taya an manna masa da gam mai saurin kamawa, wanda ruwa da zafi suke karya ƙarfinsa. A watan Afrilu, lokacin da rana take wuce digiri 40 kuma inji yake yini yana aiki, irin wannan liƙi ba zai je ko'ina ba.

Idan marfin bakin tiyo ya saki, asarar ita ce inji ya riƙa jan iska, ruwa ya ƙi hawa, zogale da tumatir su kwana biyu ba a shayar da su ba, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ci bashi ya yi shuka. Amma na gas ɗin ya fi tayar mini da hankali. Robar da ba ta dace ba tana kumbura ko ta tsage, gas ya riƙa fita kusa da inji mai zafi, alhali sau da yawa yara ne ake bari a wajen injin suna juya tiyo. Wani dattijo da na ɗaura wa ɗaya ya zo ya ce mini: “Malam, warin gas nake ji tun jiya, shi ya sa na kashe na taho.” Allah ne ya kiyaye, kuma har yanzu ina jin nauyin abin, domin da hannuna na ɗaura masa.

Duk wanda aka kawo wa irin waɗannan kaya, ya zaɓi guda ɗaya da kansa daga ƙasan kwalin, kada ya karɓi wanda mai kayan ya miƙo masa. Ya sa bakin wuƙa a gefen haɗin ya ɗaga: na gaske robar ce za ta yage ta bar sauranta manne a jikin filastik, na jabu kuwa za ta ɓare gaba ɗaya, a ga busasshen gam fari-fari yana sheƙi a ƙasa. Ya jiƙa wani a cikin fetur ya kwana, domin Viton kusan ba ta canzawa, robar tib kuwa za ta kumbura ta yi laushi. A hannu ma Viton ta fi sauran nauyi sosai idan girmansu ɗaya. Sai dai ina roƙon ƴan uwana kanikawa su bar al'adar gwada roba da ashana, domin hayaƙin Viton idan ta ƙone guba ne mai cutar da huhu. Kada kuma a aika ko dala ɗaya kafin kaya su zo a gwada su.

Wanda ya riga ya ɗaura irin wannan a injin gas, ya rufe tukunyar yau ɗin nan, sannan ya kai wa bakanikensa a buɗe a canza. Na kai ƙara wurin hukuma tare da takardar aika kuɗin, sauran guda 40 kuma suna nan a shagona a cikin kwalinsu, duk bakaniken da yake son ya ga bambancin da idonsa ya zo da wuƙarsa ya ɓare ɗaya.