Gida a Liyon, Fili a Damagaram

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan Hajiya da yara suna lafiya. Tun da na dawo daga hutu tambaya ɗaya ke bina, har ranar sunan nan sai da Kawu ya ja ni gefe: shekara 11 a Faransa, har yanzu haya? To ga amsa a rubuce, duk wanda ya sake tambaya ka miƙa masa.

Bara na kusa saye. Kada ka kawo zaure da tsakar gida da inuwar bedi a ranka. Ɗaki biyu ne da falo a hawa na huɗu, a bayan garin Liyon, yuro 200,000. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ka ga miliyan 131 ke nan. Da wannan kuɗin duka, ƙasar da ginin ke kai ba taka ba ce kai kaɗai. Ita da rufi da matakala na duk mazauna benen ne, kuma duk wata uku kowa sai ya zuba rabonsa na shara da gyara. Wurin ɗaure ragon layya ma babu.

Dillalinsu shago gare shi, da hotunan gidaje jere a gilashi, kowane da kuɗinsa a ƙasa. La'adarsa takan kai wajen kashi 5 cikin ɗari. Abin da ya burge ni shi ne, tun 2019 gwamnati ta buɗe farashin gidajen da aka sayar a intanet, titi-titi. Dillalin Sabon Gari zai dafa ƙirji ya ce wallahi jiya an taya miliyan takwas mai shi ya ce albarka, kai kuma ba ka da ta cewa. A nan sai ka ciro waya ka nuna masa nawa maƙwabci ya sayar.

Mai gida kuwa ba ya sayarwa sai ya tona asirin gidansa da kuɗinsa. Yakan ɗauko ma'aikaci ya bi wayoyin kuran da bututun gas idan sun haura shekara 15, ya nemi dalma a fenti idan ginin ya girmi 1949. Ana ba gida maki daga A zuwa G bisa yadda yake riƙe ɗumi, domin a ƙasar sanyi bango marar kirki aljihunka yake ci. Na ga awon da idona. Mutumin ya dafa wata ƴar na'ura a bango, jan ɗigo ya faɗa a wancan bangon, ya rubuta. Ya shiga wani lungu mai gajeren rufi ya fito ya ce wannan ba ya cikin lissafi, don tsayinsa bai kai mita 1.80 ba. In aka sayar maka, daga baya ka gano an yi maka ƙarin awo fiye da kashi 5 cikin ɗari, doka ta ba ka damar karɓo bambancin kuɗin.

Sai wajen noter, wato masanin shari'a da hukuma ta ɗora wa tabbatar da ciniki. Gida ba ya sauya hannu sai ta teburinsa. Ya zaunar da mu ni da tsohuwar mai gidan, ya yi ta karanta takardu fiye da awa ɗaya, babu ruwa babu goro. Na ba da kafin alƙalami, amma ba a hannunta ba, a asusun noter ya kwanta. Daga nan a jira wajen wata uku: ya bincika ko akwai bashi a kan gidan, ko akwai magajin da ba a tambaya ba, ya kuma sanar da ma'aikatar magajin gari, wadda take da wata biyu ta ce ita za ta saya a madadinka. Ya tuna mini da shuf'ar da malamai ke faɗa tsakanin masu tarayya a gida. Kuɗin wannan hidima, wanda yawancinsa haraji ne, kashi 7 zuwa 8 ne a tsohon gini. A nawa, kusan miliyan 10 na sefa kafin in taɓa makulli.

Ina zaune a ofishin nan sai na tuna labarin da Baba yake ba mu na sayen gidanmu na Birni: tabarma a zaure, mai unguwa, shaidu biyu, "na sallama", fatiha, aka raba goro. Kafin la'asar an gama. Mutanen nan su ne takardar, kuma ta riƙe shekaru. Sai dai yau dukansu suna makwanci, kai ka san wahalar da muka sha lokacin rabon gado.

Banki ne ya tsayar da ni. Kusan kowa a nan da bashi yake saye, iyakarsa shekara 25, kuma abin da za a riƙa cira kada ya wuce kashi 35 na abin da kake samu a wata. Na yi lissafi, sai ina da shekara 68 zan gama. Ga kuɗin ruwa a kai. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, zuciyata ba ta kwanta da ribar ba. Doka ta ba mai saye kwana 10 ya janye ba tare da faɗin dalili ba. A rana ta takwas na aika wasiƙa, kuɗina suka dawo cif, ba wanda ya kira ni ƙaramin mutum. A gida da har jikokina sai an goranta musu. Ka ƙara da cewa ko ka gama biya, kowace kaka takardar harajin gida tana zuwa.

Shi ya sa na koma kan filin nan na hanyar Mirya. Amma don Allah Yaya, kada kunya ta hana ka tambaya. Ka ga takardar mallaka ta meri, wato ma'aikatar magajin gari, da idonka, ta asali ba kwafi ba, ka je can a duba lambar filin a littafi, kada mu sayi abin da aka riga aka sayar wa wani. In na gado ne, kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke gidan aure. Ka leƙa wurin washegarin ruwan sama ka ga inda ruwa ke kwanciya. Ka sa a sara ƙasar kaɗan, ka san Damagaram da dutse, kada haƙan tushe da masai ya fi filin tsada. Ka kuma tambayi maƙwabta ko famfo ya iso ko har yanzu ƴan garuwa ne.

Kuɗin zan aiko kashi biyu, na biyun sai ka turo mini hoton takardar da sunana a kai. Ka faɗa wa dillalin tun yanzu, kada ya ce ba a gaya masa ba. A gaida Hajiya, kilishin da ta ba ni ya ƙare tun a sati na biyu.