Shagon da ya dawo mana da fuskar Baba yadda take

Tun rasuwar mahaifinmu kaset uku na VHS ke kwance cikin akwatin Inna a gidanmu na Birni. Ɗaya na hawan sallar 1998 ne, Baba bisa dokinsa cikin ayari a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Na'urar kallonsu ta daɗe da mutuwa, ina kuma tsoron zafi da ƙura su cinye su, sai na ce bari a juye mana su a kile, wato ɗan filashin USB.

Wurin da na fara kaiwa sun yi saurin gamawa. Da daddare muka taru, na sa a sabuwar telenmu mai faɗi, hoto ya cika allo fal. Inna ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Wannan ba Malam ba ne." Baba dogo ne siriri, amma ga shi an baje masa fuska, doki ya gajarce kamar an danne shi. Ta tashi ta shige ɗaki. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Wani abokina ya kwatanta mini wani ƙaramin shago kusa da Kasuwar Dole, inda wani saurayi ke gyaran tele yana kuma juyar kaset. Kafin ya karɓi ko dala sai da ya ɗauki takarda ya zana mini akwati biyu. Ya ce, "Yaya, kaset ɗinka an ɗauke shi ne don tsohuwar tele, faɗi 4 tsawo 3. Taka ta yanzu faɗi 16 ce tsawo 9. Ƙwarya ba ta shiga faranti sai an fasa ta."

Ya nuna mini lissafin. Allon telen yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, tsohon hoton kuwa 1440 kawai zai ci in an bar shi da surarsa, baƙi ya rage 240 dama, 240 hagu. Masu ƙin ganin baƙin nan ko dai su ja hoton gefe da gefe, kowace fuska ta ƙara kashi ɗaya cikin uku na faɗinta, ko su zuƙo shi har kwata na tsawonsa ya ɓace. Ya gwada mini na biyun a gabana: saman rawanin Baba ya tafi, kofaton doki ya tafi, abin da ya saura kuma ya ƙara dishi-dishi, don VHS dama ba ta da kaifi, ƙara mata girma tona asirinta ne.

A nan na gane dalilin baƙin da ke sama da ƙasa a finafinan Indiya da yara ke kallo. Nasu ya fi telen ma faɗi, kusan 2.39 bisa 1, layi 800 da 'yan kai suke ci cikin 1080. Shekara da shekaru ina danna maɓallin cika allo, ashe mutanen da ke gefe nake yankewa.

Aikinsa ba ya rasa aibi. Kwana uku ya ce mini, sai da na yi tara ina zirga-zirga. Jaka uku kowane kaset ba arha ba ce, shagon kuma ba wurin zama, a tsaye za ka jira. Sautin kaset na uku yana rawa, ko da yake ya faɗa mini tun farko ruwa ya taɓa shi. Amma bai taɓa surar hoto ba, ya kuma rubuta mini a takarda in bar telen a kan 4:3 duk lokacin da za mu kalla.

Ranar Juma'a bayan la'asar na sake sawa. Baƙi dama, baƙi hagu, Baba a tsakiya da dogon wuyansa, rawani cikakke har kunnuwansa. Inna ta jawo tabarma kusa da allo, ta ce in mayar da wurin da ya ɗaga hannu yana jinjina. Sau huɗu na mayar mata.