Wata takwas ina sa yakutun ɗakin gwaji

Gab da ƙaramar sallah na sayi duwatsu uku ta intanet: shuɗi ɗaya mai girman ƙwayar wake, da ƙanana biyu ruwan hoda. Mai sayarwar ya rubuta ƙarara cewa yakutu ne da aka haɗa a ɗakin gwaji, ba haƙo shi aka yi ba. Na kai wa maƙerin da ke min aikin zinare don ya ɗaura shuɗin a zobe, ƙananan kuma a 'yan kunne.

Yana karɓa ya ce, "Hajiya, anya ba kwalba aka sayar miki ba?" Ya ɗauko madubinsa na ido ɗaya ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo min. A can ciki na hango wasu siraran layuka masu lanƙwasa kamar na faifan garmaho, da ɗan kumfan iska guda. Wannan ita ce shaidar dabarar Verneuil, Bafaranshen da ya bayyana ta a 1902: ana zubo garin alumina, wato sinadarin da yakutu ya ƙunsa, ta cikin harshen wuta mai zafin da ya haura digiri 2000, ya narke, ya daskare sannu a hankali. Sinadarinsa ɗaya ne da na dutsen da ake haƙowa a Siri Lanka ko tsaunin Mambila. Ƙarfe da titaniyom ne ke ba da shuɗi, ɗan kuromiyom kuma ya ba da ruwan hoda.

Wajen ƙwari kam, ba ni da ƙorafi. Yakutu yana mataki na 9 a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, daimon na 10, kuma na gani a hannuna. Da zoben nake wanke-wanke, na sha buga shi a bakin tukunya, amma fuskar dutsen ko ƙwarzane babu, alhali gwal ɗin da ke riƙe da shi duk ya goge. Abin da ke dusar da shi man shafawa ne da sabulun da ke taruwa a ƙarƙashinsa. Ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori sun isa su dawo da ƙyallinsa.

Shuɗin bai kai duhun da na gani a hoto ba, kuma wannan ya ɓata min rai. Launinsa bai ɗaya ne daga gefe zuwa gefe, a rana tsaka har yakan yi kamar alawa. Ruwan hodan sun fi burge ni nesa ba kusa ba, musamman da daddare a ƙarƙashin fitila.

Ga abin da ya kamata wadda ke sayen gwal don ajiyar kadara ta sani tun wuri. Na tambayi maƙerin nawa zai saya in na tashi sayarwa. Ya ce zai ɓalle dutsen ya ba ni abina, ya ɗora gwal ɗin kaɗai a sikeli. Duk da haka na riga na yi odar ruwan ɗorawa guda biyu, zan haɗa wa ƙanwata 'yan kunne kafin bikinta.