Fostar zakarun NRL da na saya wa maƙwabcina, layin 2009 ya ɓata min komai

Tauraro biyu na ba su, shi ma na biyun albarkacin takardar ne, don gaskiya mai kauri ce kuma kalar ta fita. Fostar nan nake nufi ta jerin zakarun gasar zari-ruga ta Ostiraliya, wato NRL, tun daga 1908, wadda shagon nan na intanet yake ta tallatawa, 'yan uwa mazauna Sidni na san duk ta wuce muku a waya. Babbar na ɗauka mai firam, kuɗinta kun sani ba sai na faɗa ba, ga na kawowa a kai.

Ba kaina na saya wa ba. Akwai wani dattijo maƙwabcina a nan Granville, Bature ne ya haura saba'in, ni Baba nake ce masa, tun yana dariya har ya saba yana amsawa. Mutumin nan ranar da naƙuda ta kama maiɗakina da tsakar dare ba ni da mota, shi ya fito da kayan barcinsa ya kai mu asibiti ya zauna da ni har gari ya waye. Shi ya koya min wasan ma, don lokacin da na zo ƙwallon ƙafa kawai na sani, a bakinsa na fara jin cewa zari-ruga iri biyu ne, akwai na mutum 15 akwai wannan na mutum 13 da ya fi karɓuwa a nan. Ɗan gani-kashe-nin Parramatta Eels ne. In ka zauna da shi minti goma sai ka ji labarin 1981 da 1982 da 1983, kofi uku a jere ƙarƙashin koci Jack Gibson, sai ka ji Peter Sterling da Brett Kenny da Ray Price da Mick Cronin kamar 'ya'yan cikinsa, sannan 1986 da suka doke Canterbury 4 da 2 ba wanda ya iya ajiye ƙwallo a bayan layi daga farkon wasa har ƙarshe. Tun daga wannan shekarar kofi bai sake komawa Parramatta ba, shi kuma bai fasa saka rigarsa shuɗi da rawaya ba.

To da ranar haihuwarsa ta matso sai na ce wannan ita ce tsarabar da ta dace da shi. Ta iso a nannaɗe da leda, ban so in kwance ba don ya buɗe da hannunsa. Muka shiga da ni da iyali, ya ɗauko tabarau ya jingina firam ɗin a kan tebur ya sa yatsa daga sama yana gangarowa yana mana bayani. South Sydney 1908, sai 1909 da ya ce Balmain ƙin fitowa wasan ƙarshe suka yi aka ba South Sydney. Ya zo kan St George, sha ɗaya a jere daga 1956 zuwa 1966, ya girgiza kai ya ce yana yaro har ya ɗauka doka ce su ci. Da yatsan ya kai 1981 sai da ya tsaya ya shafa tambarin, idonsa ya kawo ruwa, ni kuma raina fes nace kuɗina sun halatta. Har 1997 masu fostar sun yi daidai, shekarar da gasar ta rabu gida biyu, sun sa Newcastle sun sa Brisbane kowa da gasarsa, ya ma yaba ya ce mutane da yawa ɗaya suke sakawa.

Sai yatsan ya zo 2007 ya ɗan dakata, ya tsallake 2008, ya tsaya cak a 2009. Melbourne Storm, da tambari da kala, baro-baro kamar kowane zakara, ba 'yar alama a gefe ba bayani a ƙasa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya ce min a hankali, ɗana, wannan ba nasu ba ne. Daga nan ya yi godiya sosai ya yanka mana kek, amma hirar ba ta koma yadda take ba.

Ga wanda bai sani ba, a watan Afrilun 2010 aka gano Melbourne suna biyan 'yan wasa ta bayan fage fiye da iyakar albashin da aka ƙayyade wa kowace ƙungiya, takardun da suke nuna wa hukuma daban na gaskiya daban. Aka ƙwace kofin 2007 da na 2009, aka ci su tara, sauran kakar 2010 ma haka suka buga ta ko sun ci wasa ba maki. Kuma ba a miƙa kofunan ga Manly da Parramatta da suka zo na biyu ba, shekarun nan biyu babu zakara, haka abun yake a hukumance. Wannan fa ba wani ɓoyayyen tarihi ba ne, direban bas ka tara a Parramatta zai faɗa maka. Ta yaya mutum zai buga jerin zakaru ya sayar da tsada haka bai san wannan ba?

Abun da ya fi min ciwo daga baya na ji shi. Ashe yana cikin filin a wasan ƙarshen 2009 ɗin, shi da matarsa da ta rasu. Parramatta na takwas suka ƙare a tebur suka dinga ture manya har suka kai fainal, aka doke su 23 da 16, ya ce lokacin da ɗan wasansu Fuifui Moimoi ya kutsa ya ajiye ƙwallo ana dab da tashi matarsa ta riƙe masa hannu har sai da ya ji zafi. Wata shida bayan nan aka ce musu ƙungiyar da ta doke su da maguɗi aka haɗa ta. Nathan Hindmarsh ya buga wa Parramatta wasa 330 ya yi ritaya ba kofi ko ɗaya. Wannan tabon na je na fama wa bawan Allah a ranar murnarsa, da kuɗina.

Na rubuta wa masu shagon a daren. In faɗi gaskiya sun amsa da wuri kuma cikin ladabi, wai su sakamakon ranar wasa suka bi, kuma za su mayar min da rabin kuɗi. Na ɗan sauko, don akwai masu wannan ra'ayin, magoya bayan Melbourne har gobe cewa suke su Cameron Smith da Billy Slater da Cooper Cronk da Greg Inglis a fili suka ci ba a ofis ba. Ban yarda da su ba amma na fahimta, har na yi niyyar ƙara tauraro ɗaya na mai da shi uku saboda yadda suka yi magana.

Washegari da na koma taya shi ratayewa ne na lura da ƙasan. A 2024 ta tsaya, kan Penrith da kofinsu huɗu a jere. A tallar sun rubuta sabuwar bugawa ce, to ina Brisbane da suka doke Melbourne ɗin 26 da 22 a 2025, kofinsu na farko tun 2006? Wato tsohon kaya ne suke kwashewa da sunan sabo. Nan raina ya sake ɓaci, don in har sakamakon ranar wasa kuke bi ai wannan ma an buga shi. Kuma tunda kun iya raba 1997 gida biyu kun yi bayani, me ya hana ku sa 'yar alama ɗaya a 2007 da 2009? Melbourne suna da halastattun kofunansu, 1999 da 2012 da 2017 da 2020, ba wanda ya ce a taɓa su. Ga maratayin da ke baya ma ƙusa ɗaya ce ta riƙe shi tana lilo, sai da ya ɗauko sukundireba ya ƙara wata.

Duk mai niyyar saya, musamman in kyauta za ka yi wa ɗan Parramatta ko Manly, ka sa su turo maka hoton layukan ƙasa kafin ka biya. Shi dai Baba buɗe bayan firam ɗin ya yi, ya yanko farin filasta ya rufe 2009, ya tsaya ya ɗan yi tunani sannan ya rufe 2007 ma, duk da ba ƙungiyar da ya tsana a duniya kamar Manly. Ya ɗauki biro ya rubuta Brisbane 2025 a can ƙasa da hannunsa. Tana nan rataye a falonsa kusa da hoton matarsa. Rabin kuɗin da suka ce za su mayar yau sati uku ke nan ban ga alat ba.