Gargaɗi: Mai Sayar da Lambobin Yaƙin Bama Ɗan Damfara Ne

Jama'ar Kebbi da Zamfara, akwai wani mutum a Facebook da WhatsApp da ke tallar lambobin yabo na mazan jiya, wai kuma yana samo takardun aikin soja daga Ingila. Ɓarawo ne. Naira dubu 135 ya ci mini. Dubu 135, a wannan marrar!

Kafin wani ya ce ni na kai kaina, ku sani ba jiya na fara tara waɗannan kaya ba. Ina da lambobin yaƙin 1914 zuwa 1918, masu suna da lambar soja a gefensu. Kakana mutumin Zuru ne, ya je ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu, lambobinsa kuma sun salwanta tun muna yara. Su nake nema.

Mutumin nan ya san kan abin, wallahi ya sani. Na jarraba shi a waya, na ce mene ne tambarin runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma? Ya ce gizo-gizo. Na ce ta 82 fa? Ya ce mashi biyu a gicciye kan gammo. Ya ambaci wuraren da aka gwabza a Bama, kwarin Kaladan da Myohaung, Janairun 1945, ko numfasawa bai yi ba. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, ni ma jikan soja ne, ba zan ci haƙƙin mamaci ba." Maganar nan ce ta hana ni barci. Ba zan ci haƙƙin mamaci ba! Ku gaya mini, wa zai ji wannan ya yi zargi?

Dubu 85 na fara turawa, kuɗin Tauraron Bama, lambar yabon da aka ba waɗanda suka yi yaƙin Bama. A'a, kafin nan sai da ya turo hoton bayan tauraron da sunan kakana a zane, daidai yadda na faɗa masa. Dubu 50 ɗin kuwa ta takarda ce, wai wani yaronsa a Landan zai ciro. Ita na biya ranar da direba ya kira ni in karɓi saƙo a tashar Birnin Kebbi, ko kuma washegari, alat ɗin dai yana nan.

Da na buɗe, ƙyallen daidai yake, ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe. Amma na kusanto da maganaɗisu sai ga tauraro ya manne. Na gaske tagulla ne, ba ya kamawa. Wannan ƙarfe ne aka shafa wa fenti, harafin sarki Joji na 6 duk ya cakuɗe kamar an tauna. Sunan ma fa? Ingila ta raba taurarin yaƙin 1939 zuwa 1945 ba suna a bayansu, Indiya da Afirka ta Kudu da Ostareliya ne suka buga wa nasu. Na tayar masa da wannan tun farko, ya ce iyalai kan kai wa maƙeri ya zana, kuma hakan na faruwa. Kun ga ba tambaya ce ban yi ba.

Takardar ta fi ba ni haushi. Wai kakana ya shiga runduna ta 82 a 1940. Rundunar da ba a kafa ba sai 1943! A kan wannan shirme na ba da dubu 50. Har na riga na gaya wa gwaggona an samu kayan mahaifinta, tsohuwa ta yi ta kuka tana sa mini albarka. Yanzu da wane ido zan dube ta?

Na kira, wayar a kashe. Ya toshe ni ko'ina. Wani bawan Allah daga Gusau ya turo mini hoton da aka aika masa, tauraro ɗaya ne, tsagar da ke ƙyallen ma ɗaya, suna kawai aka canza. Shi dubu 70 aka karɓe masa.

Kada ku tura ko sisi sai kaya na hannunku, ku gwada da maganaɗisu, kuma kada ku fara faɗin sunan kakanku. Hotunan hirarmu da alat biyun, na dubu 85 da na dubu 50, zan saka su da dare in wuta ta zo. Wanda ya taɓa tura masa kuɗi ya yi mini magana, mu haɗu mu kai ƙara tare.